DARASI: NEMAN ASALIN KAKANNI A TSOFAFFIN TAKARDUN GONA

Gidaje da yawa a Dayi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, kakanninsu zuwa suka yi daga wani wuri. Ƙasar kudancin Katsina tana da damina mai kyau. Auduga da dawa suna yi. Wasu sun zo cin rani, suka zauna. Wasu yunwa ce ta koro su daga arewa, kamar yunwar Kakalaba ta 1914. Maigari ya ba su daji, suka sare, ya zama gona.

Yau jikoki da yawa ba su san garin da kakansu ya fito ba. Ba su san yadda ya sami gonar ba. Ranar rabon gado ko rikicin iyaka sai a rasa hujja. Rashin sani ya fi dare duhu.

Takardun da za a nema

A duba cikin adaka, da gafaka, da tsohon akwati. Takardu iri uku ne suka fi amfani:

1. Takardar haraji. Tana ɗauke da sunan mai biya, da garinsu, da shekara.

2. Takardar ciniki ko ta jingina. Tana nuna mai gonar na farko, da kuɗi, da shaidu.

3. Takardar rabon gado daga kotun alƙali. Tana jera sunayen magada.

Wasu an rubuta su da boko, wasu da ajami. Wanda ya iya boko kaɗai sai ya kai ta ajami wurin malamin allo.

Abin lura a cikin takarda

Na farko, laƙabi. Idan an rubuta Ba'adare bayan sunan mutum, asalinsa ƙasar Adar ce, a Jamhuriyar Nijar. Bagobiri daga Gobir. Babarbare daga Barno. Badauri daga Daura.

Na biyu, shekara. Ko ta goge, akwai alamu. Kuɗin fam da sule na nuna an yi takardar kafin 1973, shekarar da naira ta fito. Hatimin En'e na nuna ta tsufa ƙwarai. Jihar Kaduna a saman takarda na nufin tsakanin 1976 da 1987, domin a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Na uku, kalmar da aka yi amfani da ita. Saye daban, jingina daban, aro daban. Gonar saye ta zama ta gida. Gonar jingina tana komawa ga mai ita idan ya biya kuɗin. Gonar aro ba ta shiga gado, komai daɗewarta a hannu.

Idan babu takarda

Gonaki da yawa da baki aka bayar da su, a gaban shaidu. Saboda haka a je wurin tsofaffi, maza da mata, da mai unguwa, da maƙwabtan gona. A tambaye su, a rubuta amsarsu a littafi tare da ranar da aka yi hirar. Mai son ƙarin bincike zai iya zuwa gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, inda rahotannin haraji na zamanin Turawa suke.

Kasancewar kaka baƙo ba abin kunya ba ne. Da baƙi gari ke cika. Abin kunya shi ne a bar gara ta cinye tarihin gida. A sa takardu cikin leda, a ajiye nesa da danshi. A ɗauki hotonsu, a ba ɗan'uwa ya ajiye.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu uku ne suka fi amfani?

2. Mene ne bambancin jingina da aro?

3. Rubuta sunan kakanka da garin da ya fito.