Naman Layya da Tukunyar Gida

Ranar Babbar Salla, a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ana yanka rago. Ana feɗe shi, a buɗe shi bisa itace, a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare. Ranar nan kayan ciki aka dafawa. Washegari a raba nama ga dangi, maƙwabta da mabukata. Abin da ya rage mata su soya shi da mai da gishiri.

Wannan al'ada mai kyau ce. Gida da yawa ba su ganin nama kamar haka sai shekara-shekara. Amma sau da yawa ana cinye shi cikin kwana ukku, nama da safe, nama da rana, nama da dare, ba tuwo ba ganye. Sai ciki ya ɗaure ma wasu, wasu kuma zawo ya kama su. Bayan mako guda tukunya ta koma miyar kuka tsura.

Jiki ba ya aje amfanin nama da yawa don gobe. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi tuli guda rana ɗaya. Uwar gida mai dabara tana soya nama ya bushe sarai, ta rufe shi cikin kwano mai marfi don ƙuda. Kowace rana ta ɗebi tsoka biyu ko ukku, ta daka, ta zuba cikin miyar kuɓewa, ko wake, ko dambun zogala. Haka rago guda zai kai iyali makonni.

Wa ya kamata ya fara samu? A gidaje da dama mai gida da baƙinsa ke cin tsoka, yara su samu ƙashi. Alhali nama yana ƙara jini, kuma masu ciki, masu shayarwa da ƙananan yara su ne ƙarancin jini ya fi kamawa. Yaron da ya cika wata 6 yana iya cin nama in an dafa shi ya yi laushi, an daka, an dama cikin kununsa. Ƴar hanta kaɗan tana tsare idon yaro daga dundumi.

Sai batun gishiri. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Soyayyen naman layya ya riga ya sha gishiri, dunƙulen Maggi ma gishiri ne ya cika shi. In an sa naman cikin miya, daddawa da albasa sun isa. Tsofaffi masu hawan jini su suka fi bukatar wannan kulawa, su rage kitse kuma.

Man da aka soya nama da shi har ya yi baƙi, a zubar. Naman da ya canza wari, ko yaji ya rufe warin, kada a ba kowa. Yaron da zawo ya kama, a ci gaba da ba shi nono da ruwa mai tsabta, a kai shi likita ranar nan.