Yadda Bature Ke Cewa "Ci Gaba"

Ya kai ɗalibi mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO, tun kana firamare aka koya maka kalmar continue. Amma in ka saurari Turawan Ingila suna hira, sau da yawa ba ita za ka ji ba. Sukan ɗauki ɗan ƙaramin aikatau kamar go, keep ko carry, su liƙa masa on, shi ke nan ma'ana ta koma ci gaba da abin da ake yi. Kada wannan ya razana ka, mu ma haka muke yi. Wanda aka ce wa "ci gaba" ai ba tuwo aka miƙa masa ba.

Carry on ba shi da wuya. Hedimasta ya leƙo aji, kuka miƙe, ya ce, "Carry on." Wato ku koma kan aikinku. In za a ambaci aikin, sai a sa with: "Carry on with your work." A 1939, da yaƙi ya gabato, gwamnatin Birtaniya ta buga takardun mannawa masu cewa "Keep Calm and Carry On", wato a kwantar da hankali a ci gaba da harkoki.

To, go on ne ke kayar da yara a jarrabawa, don haka a natsu. "Audu went on reading" na nufin karatu yake yi bai daina ba. "Audu went on to read law" kuwa na nufin ya gama wani abu, sannan ya shiga karatun lauya. Ka ga na farko hanya ɗaya ce aka miƙe, na biyu an sauya layi. Bambancin duk yana tsakanin -ing da to.

Keep on shi ne na naci, irin abin da Bahaushe ke cewa "ya yi ta yi". Sau da yawa har da ɗan ƙorafi a ciki: "He keeps on asking me for money", wato ya ishe ni da roƙon kuɗi. Kada ka kuskura ka rubuta "keeps on to ask", babu wannan a Turanci.

Haddace su ɗai-ɗai daga ƙamus, a ganina, ɓata lokaci ne. Ka samu littafin rubutu, duk inda ka tsinci ɗayansu, a jarida ko a rediyo, ka kwafe jimlar sukutum, sannan ka gina taka a ƙarƙashinta ka kai wa malami ya duba.