Allurar Mai Ta Kwanta? Ka Gwada Kafin Ka Sayi Sabuwar Mita

Tambaya: Ina da tsohon babur da nake zirga-zirga da shi tsakanin Maamobi da Circle. Kwanan nan allurar mai ta kwanta a kan E, ko na cika tanki ba ta tashi. An ce mini sai na sayi sabuwar mita. Haka ne?

Amsa: Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi. A tsohon babur ba kasafai mitar kanta ke mutuwa ba; laifin ya fi yawa a waya ko a cikin tanki.

Ga yadda abin yake aiki. A cikin tanki akwai ƙwallon roba mai yawo a saman fetur, wanda makanikai ke kira fulota. Yana maƙale da siririn ƙarfe da ke gogar wata 'yar waya naɗaɗɗiya. Idan mai ya cika, ƙwallon ya tashi, wuta ta wuce sosai, allura ta nufi F. Idan mai ya ragu, wutar ta ragu, allura ta sauka. Saboda haka wurare huɗu ne abin zargi: batir da fis, wayoyi, fulota, sai mita a ƙarshe.

Halin allurar ma kan tona asiri. Idan ta kwanta a kan E, ko dai waya ta tsinke, ko soket ya yi tsatsa, ko ƙwallon ya huje ya sha mai ya nutse. Idan ta kafe a kan F, yawanci waya ce ta goge tana taɓa jikin babur, ko ƙarfen fulota ya maƙale a sama. Idan kuwa rawa take yi duk lokacin da ka faɗa rami, soket ya saki ko naɗaɗɗiyar wayar ta cinye.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Murɗa makulli, ka danna hon, ka kunna sigina. Idan su ma sun yi sanyi, duba fis da kan batir. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin yana kashe.

Daga nan sai ka nemi soket mai waya biyu da ya fito daga ƙarƙashin tanki, ko ƙarƙashin kujera a wasu baburan. A Honda da masu kwaikwayonta, ɗaya kore ce, ɗaya rawaya mai farin layi. Cire soket ɗin ka duba. A nan Accra iskar teku ga gishiri ga laima, ruwan Mayu da Yuni kuma ya cika lungunan Nima, masu wanki su ƙara da feshin ruwa mai ƙarfi. Duk wannan yana sa bakin soket ya yi kore. Goge shi da samfefa mai laushi, ka matse shi ka mayar. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Idan ba ta tashi ba, ga gwajin da ke raba gardama. Sake cire soket ɗin, ka riƙe ɓangaren da ya tafi wajen mita, ka haɗa bakunansa biyu da guntuwar waya, sannan ka murɗa makulli na 'yan daƙiƙu kawai. Idan allura ta haura zuwa F, mitarka da wayoyinka lafiya lau suke, fulota ne ya lalace. Idan ba ta motsa ba, bi wayar har zuwa kan babur, musamman wajen wuya inda take lanƙwasa kullum idan ana juya sitiyari. Sai an tabbatar wuta tana isa kuma waya ba ta tsinke ba ake ɗora wa mita laifi.

In fulota ne, a juye man a jarka, a kwance shi. Girgiza ƙwallon kusa da kunne: idan ka ji motsin ruwa, ya huje. Mai gyaran waya zai iya auna shi da na'urar gwaji yana ɗaga ƙarfen a hankali. A yawancin baburan Japan lambar tana tafiya daga wajen om 10 a sama zuwa wajen 100 a ƙasa, kuma ya kamata ta tafi sumul, ba tsalle. Idan saye ya kama, tafi da tsohon a hannunka, ko Abossey Okai za ka ko shagon unguwa, domin na Boxer daban, na Haojue daban. Wanda bai dace ba zai shiga amma ya riƙa yi maka ƙarya. Ka haɗa da sabuwar robar bakinsa don kada mai ya riƙa ɗiga.

Kunne ya ji, jiki ya tsira: kafin a taɓa tanki a cire wayar batir, a yi aikin a fili, nesa da kurfoti, sigari da masu walda. Kada a leƙa tanki da ashana ko laita. Mutanen Accra ba su manta da gobarar gidan mai ta Circle ba, ranar 3 ga Yuni 2015, kuma gidajenmu na zango a manne suke da juna.

Kafin ka samu sararin gyara, yi aiki da lissafi. Cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, ka bar famfon mai a kan ON. Ranar da injin ya fara shaƙewa ka juya zuwa RES, ka duba kilomita nawa ka ci. Ka san iyakar tankinka ke nan. Da ka sha mai, ka mayar da famfon ON, domin wanda ke yawo a kan RES kullum ba shi da ajiya ranar da mai ya ƙare.