Injin Ban Ruwa In Ya Soma Tari

Tun farkon shekarun 1990, sa'ad da Shirin Fadama ya yawaita ƙananan injunan ban ruwa a Arewa, jigo ya ja da baya a lambunan ƙasar Kwatarkwashi, da na bakin Gulbin Sakkwato wajen Gusau da Bunguɗu. To, amma jigo in ya karye ana ɗaure shi da igiya a ci gaba da aiki. Inji kuwa in ya ƙi, sai albasa ta kwana uku ba ruwa cikin zafin watan Maris, kuma kowane mai lambu ya san abin da wannan ke jawowa.

Ba safai inji ke mutuwa farat ɗaya ba. Ya kan fara da tari, ko ƙararsa ta riƙa hawa tana sauka kamar mai haki. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauke shi sai tasha, a kwance shi duka a ce ringi ne, alhali kuwa abin bai kai can ba. Abu uku inji ke bukata, watau mai, da iska, da wuta. A bi su ɗaya ɗaya tukuna.

Mai shi ne babban mai laifi. Fetur ɗin da a ke saye a kwalba ko jarka a bakin hanya sau da yawa ya kan zo da ruwa ko ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka ya kan kwanta a ƙasan tanki, daga nan ya gangara cikin kafireto. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan kofi mai noti. A rufe makunnin mai, a kwance notin, a tari abin da ya zubo cikin kwalba mai haske. In da ruwa za a gan shi kwance a ƙasa, fetur na bisa. Sai a juye tankin duka, nan gaba kuma a riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta.

Akwai wata dabara mai sauƙi. Sa'ad da inji ke hawa da sauka, a ɗan rufe cok rabi. In ƙarar ta daidaita, lalle mai ne ba ya isa, watau 'yar ƙofar da fetur ke bi cikin kafireto ta toshe. A wanke ta da fetur a hura mata iska. Kada a soka allura ko waya, gama ƙofar za ta buɗe fiye da kima, injin ya dinga shan mai har ƙarshen ransa. Barin cok a rufe ana aiki kuwa ba magani ba ne, fulogi kawai ya ke kashewa.

Sai iska. Ƙurar hunturu ta kan cika soson da ke tace iska, inji ya shaƙe, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi. Masu ƙera injin sun ce a wanke soson bayan awa 50 na aiki, amma cikin hunturu kowane mako ya fi. A wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Waɗansu su kan cire soson su yar wai don inji ya sha iska. Ƙurar da ta shiga ita ce ke cinye ringi, ran nan kuwa maganar bakanike ta zama gaskiya.

Fulogi shi ke ba da labarin abin da ke ciki. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙin kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya jiƙe da baƙin mai, kuma hayaƙin ya yi shuɗi, to, ko an cika baƙin mai fiye da alama, ko ringi ya gaji. Tazarar bakinsa a yawancin waɗannan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Ya kamata kowa ya ajiye sabo guda a aljihu.

Wani lokaci ma injin ba shi da laifi ko kaɗan. In tiyon da ke zuƙo ruwa ya tsage, ko bakinsa bai ɗauru ba, ko rariyarsa ta fito saman ruwa, famfon ya kan sha iska, nauyin aiki ya riƙa zuwa yana tafiya, ƙarar kuma ta bi shi. Har wa yau, injuna da yawa suna da abin da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa, saboda haka in an girka inji a karkace a bakin rafi sai ya yi ta mutuwa. A daidaita masa wuri, a sa katako ƙarƙashinsa. Kada kuma a tayar da shi sai an cika cikin famfon da ruwa, don in ya juya a bushe robar da ke tare ruwa ta kan ƙone nan da nan.

Baƙin mai a canja shi bayan awa 20 na farko in injin sabo ne, sa'an nan kowace awa 100, da sauran ɗuminsa. Ba ya cin fiye da ɗan abin da ya haura rabin lita. Wanda ya taɓa ganin masu jirgin ruwa a Yawuri suna gauraya baƙin mai cikin fetur kada ya kwaikwaye su. Nasu injin wani iri ne dabam. Yawancin injunan lambu na yanzu suna da wurin baƙin mai nasu na musamman.

In damina ta faɗi za a ajiye inji, a juye fetur ɗin tanki da na kafireto, gama in ya daɗe ya kan zama ƙaro ya toshe hanya. A tsiyaye ruwan famfo, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi, a ja igiya sau biyu a hankali, a mayar da fulogin, a rufe injin a ɗaki inda babu danshi.