Amsoshin Tambayoyinku: Miƙa Wuya Yana Shafe Mutum?

Wata mai sauraronmu ta tambaya ko wanda ya miƙa wuya ga Allah yakan rasa kansa. 'Yar'uwa, a'a. Dubi Farawa sura 32. Yakubu ya taɓa ce wa mahaifinsa Ishaku shi ne Isuwa, ya karɓi albarka da sunan wansa. Bayan shekara 20 a gidan kawunsa Laban, ya kwana yana kokawa da wani mutum a mashigin Yabbok. Da aka tambaye shi sunansa, wannan karon ya faɗi na gaskiya, sannan aka raɗa masa Isra'ila. Za ki ce ai shi ya yi rinjaye, ina miƙa wuyan? To, kwatangwalonsa ya riga ya goce, ba abin da ya rage masa sai riƙo da roƙon albarka. Da ɗingishi ya je ya taryi Isuwa, kuma Littafi Mai Tsarki bai daina kiransa Yakubu ba.