Sun Kankare Shekara 2,500 da Magagari

Aikina tantance tsofaffin kuɗin Girkawa da na Romawa ne a wani gidan gwanjo a Landan. Jabu ba ya ɗaga min hankali, kullum muna ganinsa, mu rubuta rahoto mu mayar wa mai shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne na gaske, wanda ya tsallake yaƙi da gobara da danshin ƙasa, sannan mai shi ya ɓata shi da hannunsa.

Kwanakin baya aka turo min wani bawan Allah, ɗan kasuwa, Bahaushe ɗan'uwana, mutum mai kamala. Bayan mun gaisa ya kwance hankici ya ajiye min tsohon kuɗi, sitata ta azurfa ta tsibirin Tasos, irin ta farko, wadda aka buga tsakanin 525 da 463 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gaba satir, halittar tatsuniyar Girkawa, a durƙushe yana gudu, ya sungumi nimfa, budurwar tatsuniyar tasu, ita kuma ta ɗaga hannu tana turjiya, a baya rami mai gida huɗu. Sai dai ƙyalli take yi kamar sabon cokali. Tun kafin in ɗauki madubi gabana ya faɗi.

Na ce, "Alhaji, wa ya taɓa wannan?"

Ya ce, "Malam, ɗan gyara kawai na sa aka yi mata."

Ga yadda abin ya faru. A gwanjon intanet ya saye ta, hoton ƙarami ne a waya, bai lura sosai ba. Da ta iso sai ya ga satir ɗin tsirara yake, tsiraicinsa a fili, kamar yadda Tasawa suka sassaƙa shi a hatiminsu. Gidansa akwai yara, surukai na zuwa, kuma so yake ya sa ta a kabad ɗin gilashi a falo. Sai ya kai wa maƙerin da ke yi wa maiɗakinsa sarƙa da awarwaro. Maƙeri ya fara goga gefenta a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, wai ya tabbatar azurfa ce. Daga nan ya matse ta, ya sa magagari ya share wurin da ake jin kunya, ya haɗa da rabin cinya da jelar. Da ya ga wurin ya fita daban da sauran jikin, sai ya kai ta injin gogewa ya wanke ta gaba da baya.

Na nemo hotonta a kundin gwanjon da aka sayar masa. Wallahi sai da na ɗan yi shiru. Fatarta ta tsufa, ruwan toka mai duhu da ɗan shuɗi a cikin lunguna, irin wadda sai azurfa ta daɗe kwance a akwatin katako take samu. Gashin satir ɗin tsinke-tsinke, ana iya ƙirga yatsun nimfar. Kundin ya ce giram 9.6, sikelina ya ce 8.9. A ƙarƙashin madubi na ga tsaga ta taso daga baki ta ratsa har ƙafar satir, domin azurfar da ta kwana a ƙasa shekaru dubbai cikinta ya zama gautsi, ba ta ɗaukar matsi. Duk wanda ya san aikinsa ya san wannan. Maƙerin bai sani ba, bai kuma ce bai sani ba. Ya karɓi kuɗin aiki.

Kundin ya kuma ambaci wata 'yar takarda da rubutun hannu na Jamusanci, ta wani mai tarawa a shekarun 1950. Na tambayi Alhaji inda take. Ya ce ta yi datti, ya jefar da ita tare da ambulan. Takardar da ke shaida cewa kuɗin ya bar ƙasarsa tun kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ita ce ya jefa a kwandon shara. Ya tambaye ni nawa za ta yi yanzu. Na gaya masa gaskiya, gidanmu ba zai sa ta a gwanjo ba, kuma ko ƙaramin dillali sai dai ya saye ta a wulaƙance.

Kunyar da ya ji na fahimce ta, gida ɗaya muka fito. Ban kuma zo yin fatawa kan ajiye hoton gumakan Girkawa a gida ba, wannan a tambayi malamai. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da su ba yana da mafita mai sauƙi. Tun gyaran da Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 bayan Hijira dinari ya koma rubutu zalla, dirhami ya biyo baya, kuma dirhaman Wasiɗ suna nan birjik a kasuwa da araha. Ya tara su. Wanda kuwa ya zaɓi kuɗi masu hoton gumaka irin su Diyonisos da Silenos da Fan, ya san cewa haka aka buga su.

In ba za ka iya kallonsa ba, kada ka saya. In ka riga ka saya, sayar da shi yadda yake. Kada ka goge. Kada ka kai wa maƙeri.

Asarar ba ta tsaya a aljihun Alhaji ba. Da hatimi muke aiki. Tetiradarakma ta Naksos ta Sisili, ta wajen 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mai kan Diyonisos da Silenos a tsugune riƙe da ƙoƙon giya, duk waɗanda aka sani daga hatimi biyu kacal suka fito, na gaba da na baya. Da 'yar tsagar hatimi da karkatar harafi ake gane wanda aka fara bugawa da wanda ya biyo, da su kuma ake kama ɗan jabu. Tasos hatimanta da yawa. Magagari ya share wannan shaidar daga kan guda ɗaya, kuma ba mai dawo da ita.

Masu "gyara" ma iri-iri ne. Akwai masu sa allura su ƙara wa Zeyus gemu a tagullar da ta suɗe, su cike rami da ƙaro, su shafa koren fenti su kira shi tsufa. Waɗannan sun fi maƙerin Alhaji laifi, don su da gangan suke yi. Tun da sitatar zinariya ta Fantikafayon mai kan satir ta haura faran miliyan 5 na Suwizalan a gwanjon Zurik a watan Mayun 2023, ake ta turo min hotunan "irinta" da wai aka gada wurin kaka. Zubi ne, ga layin haɗi a baki, ga ƙurajen iska a fuska. Wasu ma kwafin gidan tarihi ne, an kankare alamar da ke gefe. Ku auna nauyi kafin ku kira ni. Sikelin bai kai kuɗin abincin rana ba.

Kada ku goge, na sake faɗa. Ba lemon tsami, ba man goge tagulla, ba toka, ba buroshin haƙori. Baƙin da kuke gani kuke ƙyama, shi mai saye ke nema.

Takarda kuma, ko ta yage, ko ba ku iya karanta ta, ku adana ta tare da rasit da ambulan. Ku kuma bincike ta, don ana ƙirƙirarta. Zinariyar Burutus da aka sayar a 2020 kan sama da dala miliyan 4, takardun asalinta na ƙarya ne, a 2023 aka mayar da ita Girka. Kada ku sayi komai daga hannun mai talla a bakin kango a Turkiyya ko Girka. In jabu ne kun yi asara, in na gaske ne dokar ƙasar ta hana fita da shi, a filin jirgi za a tsare ku.

Tagullar da ta fara fitar da koren gari mai haske, ku raba ta da sauran yau, ku kai wa mai aikin adanawa. Ku fitar da kuɗinku daga ledar roba mai laushi, tana yi musu kore mai danƙo. Ku riƙe su ta baki, a saman tire mai laushi, don azurfa mai gautsi in ta faɗi a tayil rabewa take yi.