Hutun Magidanci: Fita Da Aboki A Ma'aunin Shari'a



Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wata al'ada ta ƙasar Shanono da maƙwabtanta irin su Bagwai da Gwarzo. A wannan yanki gona na manne da gona, gida na kallon gida, magidanci kuwa ba ya samun sararin kansa tun daga ruwan shuka har gero da dawa su shiga rumbu. Ga kuɗin taki, ga biki da suna, ga cefanen yau da gobe. Da an gama kaka sai ka ga abokai biyu ko uku sun haɗa kai sun fita, wasu ci-rani zuwa Kano ko Kaduna ko Ikko, wasu ziyarar malami, wasu kuwa don dai su sha iska. To, shin akwai laifi a cikin wannan?

Amsa ita ce babu laifi, domin rai yana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, wanda Annabi (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi sakaci da matarsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya yi barci, ya kuma tunatar da shi cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowa yana da hakki a kansa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata Salmanu. Ku lura, aboki ne ya nema masa hutu, aboki ne kuma ya mayar da shi ga iyalinsa. Saboda haka fitar tana da sharuɗɗa uku.

Na farko, zaɓen abokin tafiya. A Hijira, cikin shekarar 622 Miladiyya, Annabi ya fita tare da Sayyidina Abubakar, suka kwana uku a kogon Sauru, Allah kuma Ya ambaci wannan abota a Suratut Tauba, aya ta 40. A hanya ake sanin halin mutum. Wanda zai tashe ka sallar Asuba a tasha, ya yi jinyarka in zazzaɓi ya kama ka, shi ne aboki. Wanda zai nuna maka ƙofar caca da gidan karuwai a bariki, lalle maƙiyi ne. Abu Dawuda ya ruwaito umurnin cewa in mutum uku sun fita su naɗa ɗayansu shugaba. Haka fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suka yi, ayari ba ya tashi sai da madugu.

Na biyu, barin abin masarufi a gida. Ciyar da iyali wajibi ne, hutu kuwa halal ne kawai, ba a kuma barin wajibi saboda halal. Wanda ya sayar da hatsin gida ya yi guzuri, ya bar mace da yara suna bin maƙwabta aron kwano, wannan gudun nauyi ya yi, kuma za a tambaye shi.

Na uku, yanke ranar komowa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi ya siffanta tafiya da yanki na azaba, ya umurci wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. An kuma hana matafiyi ya faɗo gida da dare ba sanarwa. Yau ga waya a aljihun kowa, ba wanda ke da uzurin yin wata uku ba a ji ɗuriyarsa ba.

Wanda ya kiyaye waɗannan zai komo da ƙarfin riƙe fartanya da sakin fuska ga iyali. Allah Ya haɗa mu da abokan kirki, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, amin.